Amsoshin Tambayoyinku: Windows ko Linux?

Wannan tambaya ta fito daga wani mai sauraronmu a Urno, cikin gundumar Madawa, jihar Tawa. Yana cewa ya sayi kwamfuta ta hannu, shin Windows zai sa mata ko Linux?

To Malam, mun gode. Windows mallakar kamfanin Microsoft ce, ta fito a 1985. Da kuɗi ake sayen lasisinta, kuma kamfanin kaɗai ke da ikon taɓa cikinta. Linux kuwa wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, ya sake ta kyauta, kowa na iya dubawa ya gyara. Android da ke cikin wayoyin Tecno da Itel ma a kanta aka gina shi.

A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Idan aikinka buga takardu ne da shiga intanet, nau'in Linux mai suna Linux Mint da manhajar LibreOffice sun ishe ka. Amma kafin ka sauya, tabbatar na'urar buga takardunka za ta yi aiki da Linux.