Fuskar da Ido ke Gani a Tsohon Garu da Yadda Ake Kama ta a Hoto

Masu sha'awar ɗaukar hoton tsofaffin abubuwa, irin su ƙyauren da tsatsa ta ci, da katangar da yaɓenta ya zube, da turmin da ya tsage, suna yawan cin karo da matsala guda, wato su hangi fuska ƙarara a jikin abin, da idanu da baki har da alamar fushi ko mamaki, amma da sun duba hoton sai su tarar da ramuka biyu da tsaga kawai. Galibinsu sukan ɗora laifin a kan kyamara ko wayar da suka yi amfani da ita, alhali kuwa tushen matsalar yana cikin bambancin da ke tsakanin aikin ƙwaƙwalwa da aikin na'ura.

Masana halayyar ɗan Adam suna kiran wannan yanayi faredoliya, wato ganin siffa mai ma'ana, musamman fuska, a wurin da babu komai sai tabo ko inuwa ko tsarin da ya faɗo bisa katari. A shekarar 1997 Nancy Kanwisher da abokan aikinta a Amurka suka bayyana wani yanki a ƙasan ƙwaƙwalwa wanda ke motsawa sosai idan ido ya ga fuska, kuma awon da aka yi ya nuna cewa ƙwaƙwalwa tana amsa wa fuska cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa, tun kafin mutum ya tsaya yin tunani a kan abin da ya gani. Ma'aunin da take amfani da shi a wannan gaggawa mai sauƙi ne ƙwarai, domin ɗigo biyu a sama da layi ɗaya a ƙasa sun ishe ta, kuma jarirai sabbin haihuwa ma an ga sun fi bin irin wannan tsari da ido fiye da waninsa. Saboda haka fitilun mota biyu da ragar gabanta, ko tagogi biyu da ƙofar zaure, suna cika sharaɗin. Binciken da David Alais ya jagoranta a Jami'ar Sidni a 2021 ya ƙara da cewa ƙwaƙwalwa tana karanta fara'a ko ɓacin rai a waɗannan fuskokin bogi ta hanyar da take karanta su a fuskar mutum.

Wannan gani ba alamar taɓin hankali ba ne, ba kuma shafar iskoki ba, matuƙar mai ganin ya san cewa garu yake kallo. Inda ya kamata a nemi likita shi ne idan dattijo ya fara gaskata cewa mutane ne na haƙiƙa ke leƙensa daga labule ko bango, musamman idan abin ya haɗu da mantuwa ko rawar hannu, domin irin wannan yana ƙaruwa a wasu cututtukan ƙwaƙwalwa na tsufa, ciki har da cutar Parkinson.

Abin da ya fi shafar mai ɗaukar hoto shi ne cewa yawancin waɗannan fuskoki inuwa ce ke gina su. A watan Yulin 1976 kumbon Viking 1 na hukumar NASA ya aiko da hoton wani tsauni a yankin Cydonia na duniyar Mars, wanda ya fito kamar fuskar mutum mai kallon sama, har wasu suka shafe shekaru suna cewa gini ne na wasu halittu. Da wani kumbon ya sake ɗaukar wurin a 1998 da 2001 da na'ura mafi ƙarfi, a ƙarƙashin haske na daban, sai aka ga tudu ne mai kwazazzabai. Dutsen Zuma da ke Jihar Neja, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, wanda hotonsa ke bayan tsohuwar takardar naira 100, shi ma yana da fuskar da matafiya suka sani, kuma fitowarta takan bambanta gwargwadon inda mutum ya tsaya da yadda rana ta faɗa wa dutsen. Mutum yana zagaya abu da idanu biyu, yana gane zurfin rami, ƙwaƙwalwarsa kuma tana yin watsi da duk abin da bai shafi fuskar ba; kyamara kuwa ido ɗaya gare ta, tana shimfiɗe komai a fili guda, kuma ba ta zaɓe.

Saboda haka abu na farko da za a lura da shi shi ne ta inda haske ke zuwa. Hasken da ya bugi bango kai tsaye daga bayan mai ɗaukar hoto yana cike ramuka ya shafe inuwa, shi ya sa fitilar filasha ta waya ita ce babbar mai kashe irin wannan hoto. Abin da ake so shi ne haske mai shafar jiki, wato wanda ke zuwa daga gefe yana bin fuskar abin kusan a kwance, ta yadda kowane ɗan tudu zai jefa inuwa, kowace tsaga kuma ta yi duhu. An saba cewa hantsi da la'asar sakaliya su ne lokutan hoto, amma wannan magana tana da gyara, domin katangar da ke fuskantar gabas rana tana dukanta kai tsaye ne da safe, ba ta samun haske mai shafar jiki sai dab da tsakar rana, sa'ad da hasken ke gangarowa daga sama yana fito da sawun yatsun magini a jikin yaɓe da zaizayar da ruwan indararo ya yi. Abin da ke kwance a ƙasa kuwa, kamar tsohon faranti ko murfin rijiya, shi ne ke son rana mai sauka. A lokacin hazo haske yakan yi laushi, inuwa ta dushe, don haka fuskar da rami ya gina takan ɓace, sai dai wadda launi ya gina, irin ta tabon tsatsa ko fentin da ya ɓare, ita ce ke fitowa da kyau. Bayan ruwan sama ma launin tsatsa da na itace sukan ƙara kauri.

Sai kuma matsayi. Ya kamata mai ɗaukar hoto ya rufe ido ɗaya ya dubi abin, domin ya gan shi yadda na'ura za ta gan shi, sa'an nan ya matsa dama ko hagu, ya durƙusa ko ya miƙe, har idanun biyu su daidaita a layi ɗaya, bakin kuma ya zauna a ƙarƙashinsu. Babban gilashin kyamarar waya mai faɗin gani ne, yana kumbura abin da ke kusa da shi ya karkatar da gefuna, don haka ya fi kyau a ja da baya taku biyu ko uku a yi amfani da gilashin kusantowa idan wayar tana da shi. Daga nan a matse hoton, a fitar da duk wata ƙusa ta uku ko waya ko rubutun da zai raba hankalin mai kallo, domin idan ramuka suka yi yawa ƙwaƙwalwa ba ta san waɗanda za ta ɗauka a matsayin idanu ba. Wayoyin zamani kuma suna haskaka inuwa da kansu suna goge ƙuraje, wanda ya dace da hoton biki amma yana lalata jikin tsohon itace, kuma maganinsa shi ne a taɓa allon a kan abin a rage hasken kaɗan kafin a danna. Mayar da hoton baƙi da fari yakan taimaka idan launuka ne ke kawo ruɗani.

Tsofaffin abubuwa sun fi sababbi yawan fuskoki ne saboda rana da ruwa da gara ba sa cin abu bai ɗaya, kuma masu fasaha sun daɗe da gane haka. Leonardo da Vinci ya shawarci masu zane su riƙa ƙura wa bango mai tabo ido domin samo siffofi, Brassaï kuma ya fara ɗaukar hoton bangayen Paris tun shekarun 1930, inda ramuka biyu da aka ƙwaƙule a jikin bango ke zama idanu. Ginin ƙasa na tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Damagaram da Agadas yana da wannan arziki, amma akwai ladabin da ke tafiya da shi: ƙofar gida ta mai gida ce, sai a yi sallama a nemi izini, a kuma kauce wa gine-ginen jami'an tsaro. Bai dace a kankare yaɓe ko a ƙara ɗigo da gawayi don fuskar ta cika ba, domin ɓarna ce ga ginin, kuma darajar hoton tana cikin cewa tsintar fuskar aka yi. Da damina a guji raɓar katangar da ta sha ruwa, a kuma kiyaye sa hannu cikin rami saboda kunama. Yana da amfani a rubuta wurin da ranar da sa'ar da aka ɗauki kowane hoto, domin a iya komawa a wani haske idan na farko bai yi ba, tun da katangar ƙasa sabon yaɓe ɗaya ko damina ɗaya kan sauya ta gaba ɗaya.