Yadda Ake Zaɓar Abincin da Zai Tafi da Ruwan Tsamiya

A Faransa akwai wata giyar inabi fara, marar zaƙi, mai ɗan tsami, wadda suke haɗawa da kifi da abinci mai maiƙo. Mu a Bauchi giya ba tamu ba ce. Addini ya haramta ta, kuma tun 2001 jihar ke bin shari'ar Musulunci. Sai dai sinadarin da ke sa inabi tsami shi ne dai ke cikin tsamiya, har ma ya fi yawa a cikinta. Abin da ke damuna shi ne yadda muke cika ruwan tsamiya da sukari har ya rasa amfaninsa a kan abinci.

Da farko, uwargida, ki samo tsamiya mai tsoka a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal. Ki wanke, ki jiƙa a ruwan ɗumi, ki dama da hannu, ki tace. Ki daka citta da kanumfari kaɗan ki zuba. Sukari kuwa ɗan barbaɗe ya isa. Ki sa ya yi sanyi, amma kada ki cika ƙanƙara, domin tana kashe ƙamshin.

Sai ki kurɓa kafin ki ɗora tukunya. Idan ya sa miki yawu ya taru a baki, to ya yi, kuma abincin da yake nema shi ne mai mai da gishiri. Tsami yana wanke maiƙo daga harshe, gishiri kuma yana rage kaifin tsami. Shi ya sa soyayyiyar karfasa ko gasasshiyar tarwaɗa suka fi komai dacewa da shi. Tsire mai ƙuli da balangu ma haka, muddin ba a dulmiya su cikin yaji ba. Yaji mai yawa zaƙi yake so; a nan kunun aya ya fi.

Masa ce ke buƙatar lura, tunda ita ce alfaharin garin nan. Ƙullunta kwana yake yi, saboda haka ita ma tana da nata tsamin, wanda ake kashewa da ruwan kanwa. Ki ɗanɗani ta farko da ta fito daga tanda. In tsamin ya kwanta, ga man gyaɗa ya ratsa gefenta, ga miyar taushe da tantaƙwashi, to ruwan tsamiya zai sa a ci ba tare da ta gundiri mutum ba. In kuwa ƙullun ya yi tsami sosai, ko miyar ta sha yakuwa, ki bar ruwan tsamiyar sai wani jiƙon. Tsami biyu ba sa zama a baki ɗaya.

Ki nisanta shi da alkaki, nakiya, da masar da aka zuba wa zuma: bayan zaƙi, tsamin sai ya koma kamar hukunci. Kada kuma ki haɗa shi da fura da nono.

Mai gyambon ciki kada ya sha shi da yunwa, ya fara cin abinci tukuna. Ranar Juma'ar nan ki gwada da soyayyen kifi, ki rage sukarin zuwa rabin yadda kika saba, ki ji abin da mutanen gida za su ce.