Darasi Na 12: Tsohon Murhu Da Sabon Murhu

Jama'a, ɗari ya kama. Daga watan Disamba zuwa Janairu iskar hunturu ta kan taso daga Sahara, ta zo mana da ƙura da sanyi. A ƙasar Karaye da Rogo sanyin asuba ya kan sauka har kusa da digiri 12 a ma'aunin zafi, wani dare ma ƙasa da haka. A wannan lokaci a ke ƙona itace fiye da ko yaushe. A dafa tuwo, a dafa ruwan wanka, a hura wutar jin ɗumi. A lokacin ne kuma gobara ta ke yawa, tari ya ke damun yara da tsofaffi.

Saboda haka darasinmu na yau a kan murhu ya ke. Za mu duba tsohon murhu da sabo, mu ga wanne ya fi cin itace, wanne ya fi ɗumama ɗaki, da yadda za mu ji ɗumi ba tare da mun cuci kanmu ba. Ku karanta a hankali. In kun koma gida ku karanta wa waɗanda ba su zo aji ba.

1. Murhun duwatsu uku

Kowa ya san shi. A jera duwatsu uku, a ɗora tukunya, a tura itace. Ba a sayensa, ba ya bukatar gyara, kowace tukunya ta hau shi ta zauna. Da dare kuma yara su kewaye shi su ji ɗumi.

Amma yana da aibi. Wutarsa a fili ta ke. Iska ta hura harshen wuta nan, ta hura shi can. Masana sun auna, sun ga in an kasa zafin itacen kashi 10, abin da ke shiga tukunya bai fi kashi 1 ko ɗaya da rabi ba. Sauran duk ya bi iska. Watau mace ta ɗauko ƙirare 10 a ka tun daga daji, ɗaya ko biyu ne suka dafa mata tuwo.

Ga shi kuwa itace ya yi wuya. Ku tambayi dattawan Yola inda a ke samun marke da ƙirya sa'ad da su ke yara, ku dubi inda a ke zuwa nemansu yau. Da marke ya yi ƙaranci sai gatari ya koma kan ɗorawa da kaɗanya, masu ba mu daddawa da man kaɗe. Wanda ya sare ɗorawa don tuwon mako guda ya sare miyar shekaru masu yawa.

2. Mene ne hayaƙi?

Hayaƙi itace ne da bai gama ƙonewa ba. In wuta ta sami zafi sosai da iska daidai, sai ta cinye hayaƙinta, ta ba da zafi. In ba ta samu ba, sai hayaƙi ya tashi ya cika ɗaki.

Ku ɗaga kai ku dubi rufin madafa. Baƙin kunkunniyar da ku ke gani a jikin azara, irinsa ne ke shiga ƙirjin mai girki da na jaririn da ta goya. Shi ke kawo tari, da jan ido, da ciwon haƙarƙari ga yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya jawo mutuwar mutum wajen miliyan 3 da dubu 200 a duniya. Fiye da dubu 200 daga cikinsu yara ne da ba su kai shekara 5 ba.

Ɗanyen itace ya fi kowane hayaƙi. Sabon sara kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Sai wuta ta ƙafar da ruwan nan tukuna kāna ta ba da zafi. Don haka a faskara itace, a jera shi a kan duwatsu inda iska ke ratsawa, ya bushe sarai kafin ɗari ya zo.

3. Sabon murhu iri-iri

Dabarar sabon murhu ɗaya ce ko ina, watau a tsare wuta wuri guda, a bi da zafinta ta gindin tukunya da gefenta.

Akwai na ƙasa, wanda a ke ginawa a gida. Maƙwabtanmu na Nijar da Burkina Faso sun yaɗa shi cikin shekarun 1980, bayan fari ya cinye musu itatuwa. A Nijar sun sa wa na ƙasa suna Albarka, na ƙarfe kuwa Mai Sauƙi. Murhun ƙasa in an gina shi daidai ya kan rage cin itace da wajen kashi 1 cikin 3, wani lokaci fiye.

Akwai na gawayi, ƙarfe a waje, gasasshen yumɓu a ciki. Yumɓun ne ke tsare zafi. An fara yinsa a Kenya cikin shekarun 1980, yau ya bazu ƙasashe da yawa.

Akwai kuma na farin ƙarfe mai suna Save80, wanda wata ƙungiyar Jamus, atmosfair, ta kafa masana'antarsa a Kano. Ƙananan ƙirare ya ke ci. Masu yinsa sun ce yana rage itace har kashi 80 cikin 100. Sai dai yana da tsada, kuma da tukwanensa ya ke zuwa.

A ƙasashen sanyi ma haka abin ya ke. A Amurka, inda a ke ɗumama gida da murhun ƙarfe, hukuma ta kafa doka a 1988 kan yawan hayaƙin da sabon murhu zai fitar. Tsohon murhunsu ya kan zubar da hayaƙi ta bututu. Sabon kuwa ya kan sake ƙona hayaƙin a cikinsa, ya ba da zafi da yawa da itace kaɗan.

4. Yadda a ke gina murhun ƙasa

Ba ya bukatar kuɗi. Ga yadda a ke yi:

Na ɗaya, a samo yumɓu ko ƙasar suri. A haɗa da ramno ko ƙaiƙayi, da kashin shanu ko na jaki. A kwaɓa, a rufe, a bar shi ya tsima kamar mako guda.

Na biyu, a jera duwatsu uku a inda a ke so, a ɗora tukunyar da za a riƙa girki da ita. Tsakanin gindinta da ƙasa ya zama kamar tsawon tafin hannu.

Na uku, a ja bango kewaye da duwatsun, kaurinsa kamar faɗin tafin hannu, har ya kai kafaɗar tukunya. A bar rata kamar kaurin yatsa tsakanin bango da tukunya, domin ta nan zafi zai bi ya hau.

Na huɗu, a yanka ƙofa guda ta tura itace, wadda ƙirare biyu ko uku za su shiga. Ta fuskanci inda iska ke zuwa.

Na biyar, a shafe shi, a bar shi ya bushe sarai kafin a hura wuta. In ya tsage a liƙe. Da damina a kāre shi daga ruwa.

Kowace tukunya da murhunta. In aka ɗora ƙaramar tukunya a babban murhu, zafi zai zurare ta gefe, an koma gidan jiya.

5. Wanne ya fi ɗumama ɗaki?

To, ga tambayar da mata su kan yi. Su kan ce, “Malam, sabon murhu yana dafa abinci da sauri, amma ba a jin ɗuminsa.” Maganarsu tana kan hanya. An yi shi ne domin ya kai zafi tukunya, saboda haka wanda ya zauna gefensa ba zai ji wuta a ƙafa kamar ta duwatsu uku ba.

Amma a duba da kyau. Ɗumin buɗaɗɗiyar wuta na ɗan lokaci ne. Gabanka zafi, bayanka sanyi. Da wuta ta mutu ɗumi ya tafi, ya bar hayaƙi. Ƙasa kuwa tana shan zafi a hankali, tana sakinsa a hankali. Ku taɓa bangon soro da magariba, za ku ji zafin rana bai bar shi ba. Haka murhun ƙasa mai kauri ya ke, an daɗe da sauke tuwo yana nan da ɗumi.

Kakanninmu sun san wannan. Shi ya sa suka yi gadon ƙasa, a sa wuta a ƙarƙashinsa, tsoho ko mai jego ya hau. Da tsohuwar zuma a ke magani. Aibinsa ɗaya, hayaƙi ba shi da hanyar fita. A arewacin ƙasar Sin, inda ruwa ke daskarewa da sanyi, suna da gadon bulo irin wannan, suna kiransa kang. Zafin wutar girki ya ke bi ta cikinsa, hayaƙi ya fita waje ta bututu. Itace guda ya yi aiki biyu.

Saboda haka ga shawara. A yi girki a madafa ko a rumfa, inda iska ke shiga. In za a ɗumama gadon ƙasa, a hura wuta tun da yamma, ƙofa a buɗe. Kafin a kwanta a kwashe garwashin duka a fitar. Ƙasar za ta riƙe ɗuminta. Wanda ba shi da gadon ƙasa ya gasa bulo ko busasshen dutse a murhu, ya naɗe da tsumma mai kauri, ya ajiye wajen ƙafa. A sa wa yara hula da safa, a ƙara bargo, a shimfiɗa tabarma biyu.

6. Garwashi a rufaffen ɗaki

Wannan shi ne babban abin da mu ke so ku riƙe. Da yawa su kan zuba garwashi a kasko, su shiga da shi ɗaki, su rufe ƙofa da taga, su kwanta. Su kan ce ai ya yi ja, ba hayaƙi. Nan haɗarin ya ke.

Garwashi da gawayi suna fitar da wata iskar guba, masana na kiranta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In an shaƙe ta sai ta kama jini, ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Mai barci ba ya jin kome, daga barci sai suma, daga suma sai mutuwa. Ta kan kashe mutanen ɗaki guda a dare ɗaya. Tsohon murhu da sabo duk suna fitar da ita. Janareta ma haka.

Alamunta su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. In mutum biyu ko uku a ɗaki guda suka ji haka tare, kada a tsaya cewa mayu ne ko iskoki. A buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje, a garzaya asibitin Karaye ko na Rogo, ko wanda ya fi kusa. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko manja, gama zai shaƙe.

Kasko kuma shi ne uwar gobara. Zane ya taɓa shi, ko yaro ya ture shi, ga danga da rufin ciyawa sun bushe, ga iska. In yaro ya ƙone, a riƙa zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta, a kai shi asibiti. Kada a shafa ƙwai ko gishiri ko man goge baki. Rigakafi ya fi magani.

Lissafi

A ce wani gida yana ƙona dami 6 na itace a mako da murhun duwatsu uku. Da suka gina murhun ƙasa sai suka koma ƙona dami 4.

(a) Dami nawa suka rage a mako?
(b) Dami nawa za su rage a mako 52, watau shekara guda?
(c) Ku tambayi kuɗin dami a kasuwarku, ku lissafa abin da ya rage musu a aljihu.

Tambayoyi

1. Ina yawancin zafin murhun duwatsu uku ya ke tafiya?
2. Don me ɗanyen itace ya fi hayaƙi?
3. Wace rata a ke bari tsakanin tukunya da bangon murhu?
4. Me za a yi da garwashi kafin a kwanta?
5. Faɗi alamu huɗu na iskar guba.

Rubutu

Kowa ya rubuta wannan sau biyar a littafinsa:

Ba a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, kowa ya zo da ƙwarya guda ta yumɓu da ɗan ramno. Za mu kwaɓa a bayan aji, mako na gaba mu gina murhu guda tare, kowa ya gani da idonsa.