Kada ka yi gaggawar zare waya

Ɗana, tunda yanzu an fara sakar maka aiki a ɗakin gyaran jijiyoyin zuciya, ga abin da nake so ka riƙe. Ka sa ragar ƙarfen nan da muke kira sitent, jini ya wuce, kowa ya yi hamdala. To, a daidai nan ne za ka ƙara haƙuri. Dubi bakin ragar sama da ƙasa, ta kusurwa biyu aƙalla, ko akwai tsagewa, kafin hannunka ya taɓa wayar da ke cikin jijiya.

Tun 1977 da Andreas Gruentzig ya fara hura balan-balan a jijiyar zuciya a birnin Zurik, tsagewar bangon jijiya take tafe da wannan aiki. Jini ne ke samun kafa ya kutsa tsakanin fatar ciki da naman bango, kamar ruwan damina tsakanin yaɓe da katanga, ya kumbura har ya matse ainihin hanya.

Cibiyar NHLBI ta Amurka ta kasa tsagewar gida shida, daga A zuwa F. Ka haddace su, amma idonka ya tsaya kan rinin da ka harba cikin jijiya don ɗaukar hoto: ya wuce, ko ya maƙale? A nau'in A ɗan haske ne kawai ke gilmawa cikin jijiya. A B za ka ga layi biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Duka biyun rini na wankewa, kuma in jini na gudu sosai, mara lafiya bai koka ba, sau da yawa sa ido ya wadatar. Daga C ne labari ke canzawa, domin rinin ya zauna a wajen hanyar jini, ya ƙi tafiya. D tana murɗawa tana bin jijiya; ita nake fi tsoro, saboda takan yi nisa fiye da yadda hoto ya nuna. E giɓi ne sabo da ya ƙi ɓacewa. F kuwa hanya ta toshe ɗungum.

In ka ga irin waɗannan, kada ka yi ta harba rini da ƙarfi don ka ƙara gani, kowane harbi yana iya tura tsagewar gaba. Wayarka in tana cikin hanyar gaskiya, riƙe ta gam, domin in ta fita, mayar da ita na iya gagara. In kana shakka, sa na'urar IVUS ta leƙa maka ciki. Tambayi mara lafiya ko ƙirjinsa na ciwo, dubi layin ST a awon bugun zuciya, dubi awon jini. Da raga za ka rufe tsagewar, kuma in doguwa ce ka fara daga can ƙarshenta.

Kada kuma ka haɗa tsagewa da hujewa. In rini ya fantsama wajen jijiya gaba ɗaya, rabe-raben Ellis na 1994 ake bi, kuma jini na iya taruwa a jakar zuciya. Hura balan-balan ka toshe wurin nan take, sannan ka sa a kira na gaba da kai.