Tantance Tsofaffin Takubba da Wuƙaƙe a Ƙasar Karaye da Rogo

A gidajen sarauta da na mafarauta a ƙasar Karaye da Rogo akan tarar da takubba da wuƙaƙe na gado, dillalai kuwa ba sa rabuwa da yi musu tayi. Manufar wannan nazari ita ce nuna yadda ake rarrabe na asali da na jabu.

Da farko a dubi ruwan takobin, ba kube ko ƙota ba, domin dukawa da maƙera kan sabunta waɗannan. Ruwan ne ke nuna asali: Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta ana shigo da kimanin 50,000 kowace shekara, yawancinsu ƙirar Solingen ta Jamus. Na biyu, tambarin jinjirin wata shi kaɗai bai isa hujja ba, don maƙeran gida sun kwaikwaye shi. Na uku, tsatsa ba tsufa ba ce. Sabon ƙarfe ma yakan yi ta in an binne shi a danshi.

Babbar shaida ita ce salsala: wa ya rataya shi, a zamanin wane sarki? Duk magajin da ya sayar bai tambayi dattawan gidansu ba, ya sayar da tarihi a farashin ƙarfe.