Kafin Ka Cike Giɓin Nan

Ya kai mai karatu, sa harshenka ka zagaya bakinka. In ka kai munzali, kuma Allah ya bar maka kayanka cikakku, haƙora 32 za ka ƙirga, 16 a sama, 16 a ƙasa. Amma da za a tsai da mu a ƙofar masallaci bayan La'asar a nan unguwar Hanukope ta Lome a ce kowa ya wage baki, da an ga giɓi iri-iri: na wanda zemijan, wato ɗan acaɓa, ya kayar, na wanda kogon haƙori ya hana barci har ya kai kansa aka fizge, da na wanda dasashinsa ya saki haƙora ɗaya bayan ɗaya. Iyayenmu ba su da zaɓi mai yawa. Ko mutum ya zauna da giɓinsa, ko ya sa na roba, ko kuwa in Allah ya kira shi aikin Hajji ya dawo yana murmushi da haƙorin Makka.

Yau abubuwa biyu sun shigo gari. Akwai waya, wadda ake ɗaura wa haƙora don a jera su, a asibitocin Lome za ka ji suna ce mata bag. Akwai kuma dashi, wato a kafa ƙarfe cikin ƙashin muƙamuƙi a ɗora haƙori a kansa, shi ne suke kira amplan. Mutane da yawa suna bukatar duka biyun, sai dai ba su san wanda ke gaba ba, kuma rashin sanin nan yana cin kuɗi ƙwarai.

Haƙori ba ƙusa ba ne

Da yawanmu mun ɗauka haƙori kafe yake a ƙashi kamar ƙusa a katako. Ba haka Allah ya yi shi ba. Tsakanin saiwar haƙori da ƙashi akwai wasu zaruruwa ƙanana da suka rataye shi, kaurinsu wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne. Su ne ke sa ka ji tsakuwa a cikin shinkafa tun kafin ta fasa maka haƙori. Idan aka matsa wa haƙori a hankali, dare da rana ba hutu, sai ƙashin da ke gabansa ya riƙa narkewa, na bayansa ya riƙa ginuwa, haƙorin ya gusa. Duk aikin waya ke nan. Tafiyar kuwa ta hawainiya ce, wajen milimita ɗaya a wata, shi ya sa aikin yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci ya zarce. Sana'ar ba sabuwa ba ce. Tun a 1728 wani likita Bafaranshe mai suna Pierre Fauchard ya rubuta yadda ake jera haƙora da lanƙwasasshen ƙarfe da zare, sannan a 1899 Edward Angle na Amurka ya rarraba ire-iren karkacewar cizo zuwa gida uku, rabon da likitoci ke aiki da shi har gobe.

Dashi kuwa labarinsa daga zomo ya faro. A 1952 wani likita ɗan ƙasar Siwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya sa wani ɗan bututun ƙarfen titaniyam a ƙashin ƙafar zomo don ya ga yadda jini ke gudana. Da ya gama bincikensa ya zo cire kayansa, sai ƙarfe ya ce bai san zance ba, ƙashi ya riga ya rungume shi. A 1965 ya dasa wa mutum na farko, Gösta Larsson, a birnin Gotenbag. Mutumin nan ya ci abinci da haƙoran har ya rasu a 2006, shekara arba'in da 'yan kai. Sauran duniya ba ta gaskata ba sai bayan wani taro da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982.

To, a nan ne nake so ka buɗe kunne. Ƙarfen da aka dasa ba shi da zaruruwan nan da muka ambata. Ƙashi ne ke manne da shi kai tsaye. Don haka ko wace irin waya aka ɗaura masa, ko shekara nawa aka yi ana ja, ba zai gusa ko da ƙwayar gero ba. Dattawan da suka ga tashin tsohon Zangon Lome a 1977, lokacin da aka kwashe mutane daga tsakiyar gari aka kai su can arewa, sun san bambancin rumfa da gini. Mai rumfa ya tumɓuke sandunansa ya ɗora a mota. Mai ginin siminti kuwa yana tsaye yana kallo aka rushe. Haƙorinka na halitta rumfa ne, ana iya gusar da shi. Na dashi gini ne, inda aka kafa shi nan zai tsufa, in kuma wurin bai yi daidai ba sai dai a fasa ƙashi a tono shi. Saboda haka a mafi yawan lokuta waya ce ke fara aiki, ta jera kowa a mazauninsa, ta buɗe fili daidai awo, sannan a kafa dashi.

Abin da ya same ni

Ba a littafi kaɗai na karanta wannan ba. Shekarun baya wani turmi na ƙasa ya dame ni, na je wurin wani mai cire haƙori a bayan kasuwa, ya sa abin aikinsa ya fizge, na biya na tafi ina godiya. Da yake giɓin a ciki yake, ba mai gani, sai na manta da shi. Bayan shekara goma sha biyu, da 'yan kuɗi suka shigo hannu, na je wurin likita na ce a dasa mini. Ya sa aka ɗauki hoton baki gaba ɗaya, ya kafa shi a jikin fitila, ya nuna mini da bakin biro. Turmin da ke bayan giɓin ya kwanta gaba kamar katangar da damina ta jiƙa. Na sama, da ya rasa abokin cizo, ya zazzago ƙasa yana neman shiga ramin. Filin da ya kamata ya kai milimita goma ya tsuke, ya koma kusan rabi.

"Malam, in na kafa maka ƙarfe a nan zan taɓa saiwar maƙwabcinsa," in ji shi. "Sai an ta da wannan da ya kwanta tukuna."

"Likita, da furfurar nan tawa zan sa waya kamar ɗan makaranta?"

"Ƙashi bai san furfura ba, Malam. Muddin dasashinka lafiya lau yake, zai gusa."

Haka kuwa aka yi, na sha dariyar jikoki wata goma sha huɗu. Da na san haka, da tun makon da aka cire shi na nemi shawara. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a bar aƙalla milimita ɗaya da rabi tsakanin ƙarfen da saiwar haƙorin da ke kusa da shi. Kuma ba saman haƙori kaɗai ake dubawa ba. Sau da yawa ido zai ga fili a sama, alhali a can ƙasa saiwoyi sun haɗa kai. Hoto ne kaɗai ke tona wannan.

Na 'yar ƙanwata ya fi nawa ban tausayi. Tana da shekara 15 zemijan ya zubar da ita a hanyar makaranta, haƙorin gaba na sama ya fita ɗungurungum. Da an sani, da an ɗauko shi ta kansa ba ta saiwa ba, a tsoma shi cikin madara, a ruga asibiti kafin awa ɗaya ta cika, don sau da yawa akan mai da shi ya kama. Ba wanda ya sani, aka bar shi a kwalta. Uwarta ta zo mini ido ya yi ja.

"Yaya, ko sarƙata zan sayar a dasa mata. Yarinya ta daina dariya, ta daina zuwa Islamiyya."

Yarinyar kuma ta rufe baki da gefen hijabi ta ce, "Kawu, don Allah kafin Sallah."

Likita ya ce a'a, kuma gaskiyarsa. Muƙamuƙin yaro yana girma, haƙoran halitta suna tafiya tare da shi, na dashi kuwa yana tsaye inda aka bar shi. In an dasa wa 'yar shekara 15, nan da 'yan shekaru sai a ga haƙorin ya nutse, ya fi 'yan'uwansa gajarta, a gaban baki kuwa inda kowa ke kallo. Sai girma ya tsaya, wajen shekara 18 ga mace, namiji ma yakan haura haka. Abin da aka yi mata shi ne aka sa waya aka gyara jerin, aka rataya haƙorin roba a jikin wayar daidai giɓin. Ta ci Sallarta ba wanda ya gane.

Kada kuma wani ya fahimci cewa jira ba shi da farashi. Ƙashin da ya rasa haƙori yakan lotse, faɗinsa yana iya raguwa har kusan rabi a shekarar farko, kuma yawancin lotsewar a watanni ukun farko take faruwa. In ya sirance da yawa, sai an yi masa ciko kafin ya riƙe ƙarfe, wato ƙarin kuɗi da ƙarin watanni. Akwai ma lokacin da ake juya tsarin, a fara kafa dashi da gangan don ya zama turken da za a ɗaure waya a jawo sauran haƙora, musamman ga wanda ya rasa turame da yawa. Amma wannan sai an auna tun farko inda kowane haƙori zai ƙare. Wani kuma waya kaɗai za ta rufe masa giɓin, ya huta da dashi baki ɗaya. Wa zai yanke wannan hukunci? Ba kai ba, ba kuma likita ɗaya ba. Mai waya da mai dashi sau da yawa mutum biyu ne, kuma wajibi ne su ga hotonka tare kafin ɗayansu ya taɓa ka. In ba ka san inda za ka fara ba, haye tafki ka hau unguwar Tokoin, babban asibitin koyarwa na Sylvanus Olympio yana da sashen haƙori, a duba ka a nuna maka hanya.

Ga 'yan kasuwarmu

Alhazai da hajiyoyi masu zuwa saro kaya Dubai da Istanbul, da ku nake. Za a nuna muku hotuna masu ƙyalli a ce cikin kwana goma an gama. Ƙarfe yana bukatar wata uku zuwa shida kafin ƙashi ya kama shi sosai, kuma in haƙoranka a karkace suke aka kafa shi bisa karkacewar, ka sayi gini a tsakiyar hanya. Haƙori ɗaya yakan ci jaka ɗaruruwa na sefa, bai kamata a yi cinikinsa tsakanin sayen atamfa da kama jirgi ba. In har ka yi a waje, kada ka baro wurin sai da takarda mai sunan kamfanin ƙarfen da lambarsa da girmansa. Kowane kamfani da irin noti da mabuɗinsa, ranar da ya kwance a Lome, likitan nan ba zai iya ɗaure abin da bai san asalinsa ba.

Mai ciwon suga ya daidaita sugansa tukuna. Mai shan taba ya sani taba tana hana rauni warkewa, tana kuma cikin manyan abubuwan da ke kayar da dashi. Wanda dasashinsa ke jini in ya yi asuwaki, a yi maganin wannan kafin a yi zancen waya. Ƙarfe ba ya kogo, gaskiya ne, amma dauɗa tana ruɓar da naman da ke kewaye da shi ta cinye ƙashin, har ya fara girgiɗi. Mai waya kuma ya yi sallama da rake da aya da gurguru da tauna ƙashi. Goro ma sai an yanka ƙanana, ni dai a nan na fi shan wuya. Wayar ado da 'yan mata ke zuwa a manna musu a shagon gyaran gashi, ita ma tana jan haƙori, sai dai ba wanda ya san inda take kai shi.

Wasu suna tambaya ko wannan ba canza halitta ba ne. Malamai sun bambanta gyaran aibi da neman ƙawa. Sukan kafa hujja da Sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Abin da aka hana shi ne goge lafiyayyun haƙora don a ƙirƙiri tazara saboda ado. Ita kuwa wushirya ta halitta, wadda samarin da suke yi wa waƙa, ban ga dalilin da zai sa yarinya ta biya kuɗi a rufe mata ita don ta ga baƙi a wayar salula ba su da ita ba.

Ranar da aka kwance waya ba ranar gamawa ba ce. Haƙora suna da son komawa tsohon gidansu, sai an ba ka abin riƙewa, ko siririyar waya a bayan haƙora, ko na roba da za ka kwana da shi. In ka jefa shi a aljihun tebur kafin a kafa dashin, filin da aka sha wahalar buɗewa zai tsuke cikin 'yan watanni. 'Yar ƙanwata yanzu shekararta 17, nata abin riƙewar yana ɗauke da haƙorin robar. Likita ya ce ta dawo bayan Babbar Sallah a sake hoto, a gwada da na bara a ga ko muƙamuƙin ya daina girma. Uwarta ta shiga adashi tun watan Rajab.