Daga Zabira Zuwa Janareta: Haɗarin Kurumta ga Masu Gyaran Gashi a Haɗeja

1.0 Gabatarwa

Manazarta al'adun Hausawa sun daɗe suna kallon wanzanci ta fuskar tsaga, kaciya, ƙaho da cire beli. Sai dai sana'ar ta sauya kama. Wanzamin da ke yawo da zabira a ƙauyukan fadamar Haɗeja aikinsa na shiru ne, ban da hira. Shagon aski na zamani da na gyaran gashin mata kuwa sun dogara ne da kilifa, na'urar busar da gashi, sifika da janareta. Wannan maƙala ta dubi illar wannan sauyi ga kunnuwan masu sana'ar.

2.0 Ƙara da Ma'auninta

Da desibel ake auna ƙara. Masana lafiyar ma'aikata sun ajiye desibel 85 a matsayin iyaka ga aikin awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Ke nan a desibel 94 awa 1 kacal ke da aminci. Na'urar busar da gashi kan kai kusan wannan iyaka ta 85, ga janareta a bakin ƙofa saboda ƙarancin lantarki, ga sifikar da ake ƙure wa murya don ta danne shi. Ƙarar tana lalata ƙwayoyin ji masu kama da gashi a can cikin kunne, waɗanda ba sa sake tohuwa.

3.0 Sinadarai

Akwai sinadaran da ke cutar da ji ta hanyar shaƙa ko shiga jini. Daga cikinsu akwai toluwin, wanda ake samu a wasu nau'o'in jan farce, da dalma, wadda ke cikin wasu nau'o'in kwalli da rinin gashi. Iskar guba ta hayaƙin janareta kuma tana tsananta ɓarnar da ƙara ke yi. Ƙaramin shago mai rufin kwano, marar taga, yana tara waɗannan duka a wuri guda.

4.0 Matsalar Harshe

Kalmar "kurma" tana nuni ne ga wanda jinsa ya tafi. Wanda nasa ya fara raguwa kuwa, sai a ce yana da "kunnen ƙashi", domin kalmar "ji" ta ƙunshi sauraro da fahimta da biyayya. Don haka yaron shagon da ake nanata wa magana yakan sha faɗa maimakon gwaji. Alamomin farko su ne kukan kunne bayan an tashi aiki da kasa rarrabe magana cikin hayaniya.

5.0 Kammalawa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa fiye da mutum biliyan 1.5 na da raunin ji. Nijeriya tana da ƙa'idojin taƙaita ƙara na hukumar NESREA tun 2009, da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Matakan kariya ba su da tsada: nisanta janareta, rage sifika, buɗe tagogi, toshe kunne da zuwa gwaji. Nauyin da ya rataya a wuyan masana Hausa shi ne samar da kalmomin da za su bambance matakan raunin ji, domin cutar da ba ta da suna ba a kai ta asibiti.